Tambaya Daga Kubwa Ranar Ruwa

A shekarun da wayar hannu ta shiga hannun kowa a Abuja, har mai sayar da rake a bakin tasha ya yi tasa, ni sana'ata amsa tambaya ce. Na gama bautar ƙasa, na yi yawon ma'aikatu da takarduna a jakar leda har takalmina ya buɗe baki, ko kujerar masinja ban samu ba. Daga ƙarshe wani Bakatsine mai shagon kwamfuta a Utako ya ɗauke ni. Shagon yana saman bene, tagarsa na kallon tashar mota, yini guda kana jin 'yan kamasho suna kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya. Oga muke ce masa, shi ma hakan yake so.

Oga ya buɗe wani dandali a intanet. Duk wanda kwamfutarsa ko wayarsa ta yi masa gardama sai ya shigo ya rubuta, a ba shi amsa da Hausa, kyauta. Ba don Allah kaɗai ya yi ba, kuma bai taɓa cewa don Allah ya yi ba. Wanda ka fitar daga matsala yau, gobe in zai sayi firinta kai zai nema. Gari kuwa yana tashe a lokacin, ko'ina gini ake yi, ma'aikatu na ta sayen kwamfuta, kowane ƙaramin ma'aikaci yana so a ga ɗaya a falonsa an lulluɓe ta da ƙyalle. Masu saye sun yi yawa, waɗanda suka iya kaɗan ne, ragowar duk a kaina suke sauka.

Ranar da na fara aiki Oga ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Ka san Bahaushe. In ya zo aron gishiri sai ya tambayi lafiyar akuyarka tukuna. In ka ce daga sama za ka fara karatu, a nan za ka kwana. Fara daga ƙasa, tambayar tana layin ƙarshe." Na duba tambayoyin ranar, wallahi kuwa haka ne. Sallama, ina kwana, ya aiki, ya iyali, Allah ya saka wa masu wannan dandali, Allah ya ƙara basira, sai can ƙasa kamar wanda ya tuna da mantuwa: firintata ta ƙi fitar da takarda.

Sauran dabarun da kaina na koye su, kuma da ɓacin rai. Na gane cewa duk duniya babu wanda ya taɓa lalata kwamfutarsa. Kowa "haka kawai ta yi". In ka ce masa me ka taɓa, ka zage shi, sai ya hau rantsuwa. Sai na koma cewa, "Ko yara sun ɗan yi wasa da ita?" Nan take gaskiya za ta fito, duk abin da ya danna da hannunsa zai lissafa maka shi ya ɗora wa yara. Na gane kuma in ka yi wa mutum tambaya guda ka zauna jira, ka kashe yininka, don sai ya je masallaci ya dawo ya ci abinci kafin ya waiwaye ka. Sai in haɗa masa su gaba ɗaya: wace iri ce, me ta rubuta a allo, yaushe ta fara. Umarni kuwa ba haka ake ba da shi ba. Mutumin da ya rikice, in ka haɗa masa umarni biyu a layi ɗaya, na biyun zai yi ya bar na farko. Ɗaya za ka ba shi, gajere, sannan ka ce, "Me ka gani yanzu?" Turanci mai nauyi kuma ka bar shi a aljihu, ba jarrabawa ake yi ba.

Ina da amsoshi da na rubuta na ajiye, don matsalolin mutane ba su fi cikin cokali ba, riga kawai suke sakewa. Tambaya na shigowa in ɗauko wadda ta dace, in gyara kalma biyu, in tura. Akwai 'yan na-fi-kowa-sani a dandalin, ba su taɓa kwance kwamfuta ba amma kowace magana sai sun tsoma baki, maganinsu kuma ɗaya ne kullum, a goge komai a sake zubi. Da farko biye musu nake yi, mu yi ta cacar baki, har Oga ya ce in ba zan iya riƙe bakina ba in kama hanyar gida. Daga baya na gane maganinsu shi ne in riga su. Wanda ya fara amsawa shi mai tambaya yake bi.

Abu ɗaya Oga bai yarda a tsallake ba, amsa gaisuwa. In ka gama da layin ƙarshe, dole ka koma sama ka karanta, ka mayar wa mutum gaisuwarsa ko da layi ɗaya ne. Wani dattijo ya taɓa ficewa daga dandalin da fushi, ya bar rubutu cewa ya yi sallama an jefo masa amsa kamar ana jefa wa kare ƙashi. Tun daga ranar Oga ya kafa doka. Ni kuwa haushin dokar nake ji, ina yi ina tsaki, amma ina yi.

Cikin masu doguwar gaisuwa akwai sarkinsu, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Kubwa. Ban taɓa ganinsa ba. Malam Injiniya yake ce mini, ni da na karanta tarihi a jami'a, na gyara masa har na gaji na bari. Kafin ya kai ga tambayarsa sai ka ji labarin cunkoson hanya da safe, da tsadar tumatir, da haƙorin da ya fito wa 'yarsa. In na ga sunansa ya ɓullo sai in ce, "Oga, ga mai labarai ya iso." Amma mutumin kirki ne, shi kaɗai ne in abu ya gyaru yake dawowa ya ce ya gyaru, ya yi addu'a har da iyayena. Da aka yi masa haihuwa ta biyu ya aiko mini da gayyatar suna ta akwatin saƙo, har da lambar wayarsa, wai in na iso bakin titi in kira a zo a ɗauke ni. Ranar ta faɗo ranar aiki, na tura masa barka kawai.

Abin da zan faɗa ya faru ne wata Asabar cikin damina, bayan azahar. Babu wuta tun safe, muna kan janaretan benen. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Kubwa, amma mu ko ɗigo bai sauka ba tukuna. Oga yana bayan kanta yana cin gasasshiyar masara. Sai ga tambayar mutumin ta shigo. Na tafi layin ƙarshe yadda na saba. Cewa ya yi kwamfutarsa tana mutuwa tana tashi da kanta tunda ya ɗora ta kan janareta, mene ne abin yi. Wannan ai tsohon zance ne, amsarsa na ajiye. Na ɗauko, na ce wutar ƙaramin janareta hawa da sauka take yi, ya kashe kwamfutar har sai ya samo sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta. Na tura. Sannan na koma sama don in sauke nauyin gaisuwa.

Ga abin da na tarar, kuma har yau ina iya karanto shi:

"Salamu alaikum Malam Injiniya, ya ruwa. Mu nan Kubwa tun hantsi ake yi kamar da bakin ƙwarya, ga babu wuta. Na shigo da janareta lungun da ke tsakanin falo da kicin kada ruwa ya dake shi, na rufe tagogi saboda feshi. Iyali sun kwanta, mai ɗakina da yaran duk kai ke damun su, ƙaramar har ta yi amai, ina jin canjin yanayi ne. Ni ma kaina na sarawa, idona na ta lumshewa, a yi haƙuri da rubutuna."

Na sake karantawa. A unguwar da nake haya an taɓa fasa ƙofar wani gida da safe, aka fito da mutanen ciki a kan tabarmi, babu rauni a jikin ko ɗaya, janareta ne kawai a bayan ƙofa mansa ya ƙare. Ina cikin waɗanda suka tsaya kallo ranar. Hayaƙin nan ba ya shaƙe mutum ya yi tari ya gudu. Ciwon kai yake sa masa, ya kashe masa jiki, ya sa shi barci.

Na rubuta masa da manyan baƙaƙe, layi-layi. Kashe janareta yanzu. Buɗe ƙofa. Fitar da kowa waje, ko cikin ruwan ne. Na tura, na ƙura wa allo ido. A gefen sunan kowa akwai ɗan koren ɗigo da ke nuna yana kan layi. Nasa yana nan kore shar. Mutumin da ko "to" ka rubuta masa sai ya dawo da godiya mai layi biyar, shiru. Na sake turawa. Shiru.

"Oga," na ce, "zo ka ga."

Bai saba jin muryata haka ba, ya taso da masararsa a hannu. Ya karanta ta saman kafaɗata, ya ajiye masarar a kan firintar mutane. Ya ce, "Inna lillahi. Kana da lambarsa?"

Dandalin ba ya karɓar lambar waya, Oga da kansa ya hana, don kada a riƙa damun mata. Sai na tuna da gayyatar sunan. Tana can cikin akwatin saƙo, ƙarƙashin tarin saƙonnin wata da watanni. Na danna. Daidai lokacin iska ta bugo tagar shagon, ruwan ya iso Utako. Intanet ɗinmu ta faranti ce a saman rufi, kuma kowa ya san halin farantin nan, da ruwa ya yi ƙarfi sai ya ɗauke. Shafin ya yi fari fat, ɗan layin da ke ƙasa yana tafiya kamar ba ya so. Ni mai zagin mutane a zuci don sun cika nawa, ga ni zaune ina roƙon na'ura. Ina cewa don Allah, don Annabi, a fili nake faɗa, ban ma san ina yi ba. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Shafi na farko ya buɗe, babu. Na biyu ya buɗe rabi ya tsaya. A cikin rabin nan na hango kalmar suna. Na danna, na jira, lambar ta fito. Na fizgi biro na rubuta ta a tafin hannuna, ban rufe biron ba intanet ɗin ta ɗauke gaba ɗaya.

Wayata babu kati, kamar kullum. Oga ya miƙo tasa. Na buga, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake bugawa. Can aka ɗauka, muryar mace, a hankali, kamar daga ƙarƙashin bargo. Daga baya na ji cewa wayar tana ɗakin kwana ne, ya sa ta caji a gefen gado tunda an tayar da janareta.

Na ce, "Hajiya, maigidan fa?"

Ta ce, "Yana falo yana aiki. Malam, ba na jin daɗi, ka kira an jima." Ta kashe.

Na tsaya da waya a kunne. Na dubi Oga, ya dube ni. Ba laifinta ba ne, baƙon namiji ya kira wayar mijinta tana kwance da ciwon kai, me za ta ce masa? Amma a lokacin ji na yi kamar in fasa wayar da bango. Na sake bugawa, yatsana na zamewa a kan maɓallan. Tana ta ƙara, ina ta cewa a raina shi ke nan, ta koma barci, ba za ta ƙara tashi ba. Aka ɗauka.

Ban yi sallama ba. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ɗaga wa matar wani murya ba, ranar na yi. Na ce, "Kada ki kashe. Hayaƙin janareta ne yake kashe ku, ke da 'ya'yanki. Tashi zaune."

Sai ta ce, "Wane ne?"

"Tashi zaune tukuna. Kin tashi?"

"Jikina ba ƙarfi."

"Na sani. Akwai taga kusa da ke?"

"Akwai."

"Buɗe ta."

Na ji motsi, na ji wani abu ya faɗi ya fashe, sannan ƙarar ruwa ta cika wayar. Na ce ta sa fuskarta a jikin ƙarfen tagar ta ja iska. Ina jin numfashinta. Na ce, "Me kika gani yanzu? Yaran suna ina?" Ta ce suna kan gado. Na ce ta taɓa babbar. Ta ce ta motsa. Na ce ƙaramar fa. Na zauna a kan kwalin takarda ina jira. Sannan ta ce, "Tana numfashi, amma ta ƙi buɗe ido." Muryarta ta fara rawa, na san yanzu ta farka sosai, kuma yanzu ne za ta iya rikicewa.

Tagar tana da ƙarfe, ba a iya fita ta nan. Na tambaye ta ƙofar waje, ta ce sai an bi ta falo. Na ce ta goya ƙaramar. Ta ce ba za ta iya ɗaure zani ba, hannunta ya mutu. Na ce to ta rungume ta a kafaɗa, ta ja babbar da ɗaya hannun, wayar kuma ta maƙale ta a kunne. Na ce kafin ta buɗe ƙofar ɗakin ta cika ƙirjinta da iskar taga. Oga yana tsaye a kaina da makullin mota a hannu, leɓɓansa na motsi, ba ya cewa komai a fili.

Ta buɗe ƙofar ɗakin. Ƙarar janaretan ta shigo wayar, har cikin haƙorana na ji ta. Sai na ji ta kira shi, ba da sunansa ba, yadda mata ke kiran mazansu. "Abbansu. Abbansu." Ta ce mini, "Ya kifa kansa a kan tebur. Malam, ba ya amsawa. Bari in tashe shi."

Nan ne wurin da har gobe ba na mantawa da shi. Mace ce da ƙyar take tsaye, da yaro a kafaɗa da yaro a hannu, a tsakiyar ɗakin da ya fi ko'ina hayaƙi. Shi kuma namiji ne babba, a sume. Ban yi dogon tunani ba, babu lokacinsa. Na ce, "Kada ki tsaya. Wuce shi. Ƙofa."

Ta ce, "In bar shi?"

Na ce, "Wuce shi, Hajiya. Buɗe ƙofa, ki kira maza su ɗauke shi. Wuce."

Tana kuka ta wuce. Ina jin ta tana kokawa da sakata, ta sama ta buɗu, ta ƙasa ta ƙi. Ta ce ta ƙi. Na ce ta taka ta da ƙafa. Ta ce jiri take ji. Na ce ta taka. Na ji ƙarfe ya yi ƙara, sannan wayar ta faɗi ƙasa.

Daga nan ban ƙara zama mai ba da umarni ba, sai mai saurare. Ruwa, janareta, da wata murya can nesa tana kiran jama'a. Ina ta cewa hello, hello, babu mai ji na. Ban san ko a waje ta faɗi ko a ciki ba. Ban san ko ƙaramar tana hannunta ba. Na manne wayar a kunne har ya yi zafi. Can sai na ji kukan yaro, kuka mai ƙarfi na wanda ruwan sama ya daka, ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba. Sai takun ƙafafu da yawa, da muryoyin maza, wani da Hausa wani da Turancin kasuwa. Janaretan ya yi tari ya mutu.

Wani ya ɗauki wayar daga ƙasa. Maƙwabcinsu ne, ba Bahaushe ba, Hausarsa irin ta zaman Abuja. Ya ce, "Wane ne a layi? Matar ya fito, yara biyu ya fito. Oga na gidan mun ɗauka shi, ba ya magana. Muna tafi asibiti." Na tambaye shi wane asibiti, ya faɗa, ya kashe.

Oga ya rufe shago ba tare da ya kashe ko kwamfuta ɗaya ba. Muka kama hanyar Kubwa cikin ruwa, gilashi ya yi hazo, ina goge masa da hulata. Motoci sun yi layi, wata tirela ta mutu a gaba, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Oga mai surutu ne, amma har muka isa abu ɗaya ya ce, "Ka yi abin da za ka iya." Ina ta duba lambar da ke tafin hannuna, gumi ya fara cinye ta, ina jin tsoron in kira, ina jin tsoron in ƙi kira. A raina ina ta lissafin cewa mutum ne mai ƙarfi, an fito da shi iska, ai ana farfaɗowa.

A barandar asibitin muka ga wani mutum da singileti jiƙe sharkaf, ƙafarsa babu takalmi. Na gane maƙwabcin ne, na ce masa ni ne na waya. Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce matar da yaran suna ciki an sa musu iska, likita ya ce za su tashi. Sannan ya saki hannuna ya dubi ƙasa, ya girgiza kai. Maigidan ya cika tun a mota, in ji shi, kafin su iso.

Washegari da safe aka yi jana'iza. Na tsaya a sahu cikin abokan aikinsa da 'yan'uwansa da suka kwana a hanya daga gida. Fiye da shekara muna magana da mutumin nan kusan kowane mako, na san haƙoran 'yarsa, na san motar da yake bi zuwa aiki, ranar ce kuma na fara tsayawa kusa da shi. Fuskarsa ban gan ta ba. Da aka ɗaga makara na sa kafaɗata tare da mutane.

Ranar addu'ar uku muka koma ni da Oga. Muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida sai yayan marigayin, wani dattijo mai furfura, ya dafa ni ya ce mai takaba tana son magana da ni. An sallamo ta daga asibiti, tana gidan maƙwabta, don ta ce ba za ta iya shiga falon nan ba. Ya kai ni bakin wani ɗaki mai labule, ya tsaya gefe. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Ta amsa. Muryar ce dai, amma yau a tsaye take. Ta ce ta gode, Allah ya saka, Allah ya raba ni da ganin irin wannan a gidana. Ina jin yaran a ciki, babbar tana yi wa ƙaramar wasa.

Na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Malam, tambaya gare ni. An ce kai ne mai amsa masa tambayoyi."

Na ce ina ji.

Ta ce, "Lokacin da na zo wucewa, na taɓa wuyansa. Da ɗumi. Ka ce in wuce, na wuce. Da na ajiye yaran na ja shi, da ya rayu?"

Dattijon ya yi gyaran murya ya ce, "Haba, kwana ne ya ƙare. Kada ki sa wa ranki wannan."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Na yarda da ƙaddara. Amma shi nake tambaya."

Tsoron da na ji a shago ya dawo mini sabo. Tun ranar Asabar tambayar nan take hana ni cin abinci, ban zaci daga bakinta zan ji ta ba. Ni ba likita ba ne, ban ga falon ba, ban san nisan teburin da ƙofa ba. Ita kuma tana bayan labule tana jira, kuma duk abin da na ce da shi za ta rayu, da shi za ta reni yaran nan.

Na ce, "A'a, Hajiya. Da kin tsaya, da ku huɗu aka sallata."

Ta ce, "To." Na ji ta kira babbar ta ce ta zo ta gaida baƙo. Yarinyar ta leƙo ta gefen labule, ta durƙusa ta ce ina wuni, ta koma da gudu.

Abin da na faɗa mata shi na fi zato, amma ban sani ba, kuma har yau ban sani ba. Na tashi na nemi takalmina a cikin tarin takalman masu gaisuwa, na daɗe ban gane nawa ba.